Yaro Ya Yi Ɓulɓul, Sai Me?

'Ya'yana, na san wasunku za su yi murmushi idan suka ji wani dattijo daga Garki ya zauna yana yi musu magana a kan teɓar yara. Za su ce, haba Baba, a Jigawa? Jigawar da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida da ɗan ma'aunin dantse suna neman yaran da tamowa ta kama? Kuna da gaskiya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na sa'o'insu ba, alhali a Najeriya gaba ɗaya kashi 37 ne. Yaran da nauyinsu ya wuce kima kuwa, a wannan rukunin, kashi 2 ne kacal a faɗin ƙasar. Don haka ba zan ce muku teɓa ce babbar damuwarmu a yau ba. Har gobe yunwa ce a gaba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, tamowa da teɓa ƙofa ɗaya suke shigowa gida, kuma sau da yawa yaro ɗaya suke kamawa, ɗaya tun yana goye, ɗayar bayan ya tasa.

Bari in fara da dalilin da ya sa muke son ganin jariri da kumatu, don kada ku ɗauka iyayenku mata jahilci ne ya sa suke ɗura wa jikoki abinci. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun zaɓi ƙasar Garki, lokacin muna cikin jihar Kano, suka gudanar da wani babban bincike kan zazzabin cizon sauro. An yi ta feshi a ɗakuna, ana raba magani, ana ɗibar jinin mutane ƙauye-ƙauye ana dubawa. Littafin da Molineaux da Gramiccia suka fitar a kan aikin a 1980 har yanzu masana suna komawa gare shi, kuma ta nan ne sunan garinmu ya shiga bakin likitocin duniya. Abin da ya kawo su kuwa shi ne yawan cutar da yawan jariran da take ɗauka. Duk macen da ta yi goyo a wancan zamani ta san yadda abin yake: damina ta faɗi, yaro ya yi zazzabi, ya ƙi nono, ya rame, wuyansa ya yi tsawo, sai kuma a ji salati. Wanda ke da ɗan jiki shi ya fi jure wa jinya. Matar da ta binne biyu ko uku a haka, in ta ga jikanta ya yi ɓulɓul, hamdala take yi, kuma ba ni ganin laifinta. Sai dai abin da ke sa yaro ƙiba a yau ba shi ne abin da ke sa shi ƙiba a wancan lokaci ba.

Akwai wani abu da likitoci suka gano wanda ya shafe mu fiye da yadda ya shafi mutanen da aka gano shi a jikinsu. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, an yi wata muguwar yunwa a yammacin ƙasar Holan. Bayan shekaru, da aka bi diddigin 'ya'yan da aka ɗauki cikinsu a wannan yunwa, sai aka tarar waɗanda yunwar ta same su a farkon watannin ciki sun fi sauran yin teɓa da suka girma, kuma matsalar sukari da ta zuciya ta fi yawa a cikin waɗanda aka haifa a wannan hali. Bayanin da ake yi shi ne, jikin da ya fara rayuwa cikin ƙaranci yakan shirya kansa don ƙaranci, ya koyi tattali, ya riƙa adana duk abin da ya samu. In daga baya aka cika shi da sukari da mai, sai ya yi ta tarawa a ciki da ƙugu, ga shi kuma tsawon da ya rasa tun yana ƙarami ba ya dawowa duka. To ku dubi lissafin nan na kashi 64, ku tuna cewa da yawa daga cikin yaran nan za su girma su tafi Dutse, da Kano, da Abuja, su sami albashi ko jari, su zauna a ofis ko a shago. Har ma tun kafin nan, uba yakan sami buɗi yaron yana shekara shida, sai a ce bari a rama masa abin da ya rasa. Da wannan ramakon ne ake jawo masa wata cutar.

Duniya ta riga mu shiga wannan hali. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 sun kai kashi 20, wato fiye da miliyan 390, kuma miliyan 160 daga cikinsu teɓa ce sosai. Ƙasashen da abin ke hauhawa da sauri yanzu ba masu arziki ba ne, irin namu ne, inda za ka shiga gida ɗaya ka ga uwa da teɓa, ɗanta na goye kuma da tamowa.

Ku zo mu duba kwanon yaro. Mu da muka tashi a Garki ta ƙasar Ringim, gero da dawa muka ci, da wake, da gyaɗa, da riɗi. Miya kuwa kuka, kuɓewa, karkashi, taushe da kabewa. Kwaɗon zogale da na rama ana yin su da ƙuliƙuli. Abin marmarinmu a daji yake: goruba, magarya, aduwa, kanya, ɗinya. Goruba ɗaya sai yaro ya yi rabin sa'a yana gwaguya, kuma ɗan zaƙin da ke cikinta tare yake da ɓawo da zare. Ban ce wancan zamani aljanna ba ne. Abincin bai wadata ba, nama da ƙwai sai jefi-jefi, shi ya sa aka tsumbure. Amma irinsa mai kyau ne, yawansa ne ya gaza. Yanzu kuwa gidan da Allah ya buɗa wa, maimakon ya ƙara ƙwai da kifi da madara a kan wancan tsohon abinci, sai ya ture shi gefe ya kawo farar shinkafa da safe, taliyar 'yan yara da rana, burodi da shayi mai kauri da dare, tsakani kuma biskit, cincin, fanke da alawa. Wannan taliyar da ake ji da ita, ai soyayya ce tun daga masana'anta kafin a busar da ita a ƙunshe, ga gishiri jingim a ƙullin ɗanɗanonta. Tana cika ciki, ba ta daɗewa a cikinsa, bayan sa'a biyu yaro ya dawo yana cewa Umma yunwa. Irin wannan abinci, in ya yi kaɗan yaro ya rame, in ya yi yawa yaro ya yi teɓa, a kowane hali kuma jininsa bai ƙaru ba, ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Shi ya sa ake samun yaro ƙato amma in aka auna shi a ce yana da ƙarancin jini.

Abin da ya fi damuna shi ne abin sha. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha ya kai kashi goma cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, in da hali ma ya tsaya a kashi biyar, wanda ga babban mutum ya kama kamar giram 25, cokalin shayi shida ke nan. Na yaro bai kai haka ba. To robar lemon kwalba ta rabin lita, irin mai zaƙin nan da aka saba, tana iya ɗauke da sukari kusan giram 50, cokali goma sha biyu. Ina uwar da za ta tsaya ta ɗebi sukari cokali goma sha biyu ta zuba wa ɗanta a kofi? Babu. Amma ana miƙa masa robar a biki, a suna, a dawowa daga makaranta, a ce ya sha ya huce. Sukarin da ke cikin ruwa kuma ba ya ƙosarwa, yaro zai shanye ya zauna ya ci tuwonsa cif. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira goma a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma ku da kanku kun san naira goma ba ta hana kowa sayen komai a yau. Harajin da zai yi aiki shi ne wanda uwa za ta sa a gidanta.

Kada kuma ku ce ai mu zoɓo muke ba su, na gida ne. Zoɓo namu ne, jiharmu na cikin masu noma shi har ana fitar da shi waje, kuma shi kansa ba shi da aibu. Amma ku leƙa inda ake haɗa na sayarwa ku ga mudun sukarin da ke shiga bokiti. Haka kunun aya, haka lamurje, haka furar zamani da ake markaɗawa da yogot mai zaƙi. Ku rage sukarin a hankali, yau kaɗan, mako mai zuwa kaɗan, harshen yaro yana sabawa ba tare da ya lura ba. In ana son ɗan zaƙi, ga dabino nan, Dutse garinsa ne, har da tashar binciken dabino a can. Ƙwara biyu ko uku sun isa, don shi ma ba a cinsa da mudu. Kankana, gwanda, gwaiba, mangwaro in lokacinsa ya zo, a ba yaro ya ci da haƙorinsa, ya fi a matse masa ruwan a zubar da tuƙar. Ƙishirwa kuwa maganinta ruwa.

Ga masu goyo, maganar gajera ce. Nono zalla wata shida, sannan a fara haɗawa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Likitoci sun ce yaron da ya sha nono yadda ya kamata ya fi tsira daga tamowa, ya kuma fi tsira daga teɓa, kuma shekara biyun nan mun riga mun karanta ta a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara. Kunun da za a fara ba shi a sa masa gyaɗa ko waken suya, kada a saba masa da sukari. In ya kau da kai ya rufe baki, ya ƙoshi ne, a ƙyale shi. Ɗurar nan da ake yi, a danne yaro a toshe masa hanci, ban da haɗarin shaƙewa, tana koya masa ya daina sauraron cikinsa.

Yanzu bari in juya ga 'yan'uwana kakanni, don mu ne manyan masu laifi a wannan fage, kuma ba wanda ke iya faɗa mana. Goyon kaka kowa ya san shi. Uwa ta hana, yaro ya ruga ɗakin Hajiya, a buɗe kwalla a ciro alawa. Malam ya dawo daga kasuwar Gujungu ko ta Maigatari, ba ya shigowa hannu rabbana, dole amaryarsa ko abokinsa su sami tsaraba. Wannan ƙauna ce, ba kuma zan ce a bari ba, don gidan da babu wasan kaka da jika ya yi rashi. Tsarabar kawai za a canza. A zo da rake, da gyaɗa, da dafaffen ƙwai, da 'yar ƙwallo, da igiyar tsalle. Ke kuma 'yata, in za ki yi wa surukarki maganar, kada ki ce mata kina ɓata mini yaro. Ki ce, Inna, ma'aikaciyar awo ta ce a rage masa zaƙi saboda ciwon sukarin da ke dangi. Ai ta san wanda ciwon ya kwantar a cikin 'yan'uwanta, za ta ji.

Sai maganar motsi. A Garki da ƙauyukanta, yawancin yara har yanzu suna zuwa makaranta da ƙafa, suna ɗebo ruwa, suna kai abinci gona, suna kora awaki. Waɗannan ba su da matsalar motsi, wasu ma aikin ya yi musu yawa. Damuwata tana kan jikokinmu na birni, na Takur da Gida Dubu da makamantansu a Dutse, inda gida ke da katanga da ƙofar ƙarfe. Da safe a sa yaro a adaidaita sahu, da rana a dawo da shi, ya ci abinci, malamin darasi ya zo, la'asar ya tafi Islamiyya, magariba ya dawo, a ba shi waya ya yi shiru. Yini guda bai yi gudun da zai yi haki ba. Ana kuma kiran wannan tarbiyya, ana cewa ba ya yawo. Shawarar masana ita ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti sittin kullum na wasan da zai sa shi gumi. Wanda bai kai shekara biyu ba kada a ajiye shi gaban allon waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini. Mu ba mu san wani minti sittin ba, mun dai san langa, da ɓuya, da kokawa a yashi, 'yan mata kuma 'yar gala-gala da gaɗa a dandali har isha. In tsoron unguwa ne ya hana ku barin su fita, ku haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku, a ware fili, babba ɗaya ya zauna yana kallo. Uba ya riƙa tafiya masallaci da ɗansa a ƙafa, ko da akwai babur a ƙofar gida.

'Ya mace ta fi shiga wannan tarko. Da zarar ta fara girma sai a ce ta daina tsalle-tsalle, ta zauna a gida, a daidai lokacin da jikinta ke fara tara kitse. A da, daka da surfe da jan ruwa a rijiya suna maye gurbin wasan. Yanzu inji ke niƙa, famfo ke kawo ruwa, kuma alhamdu lillahi da wannan sauƙi. Amma sai a samar mata wani abin: tsallen igiya a tsakar gida, zuwa gidan gwaggo da ƙafa tare da 'yan'uwanta, wasannin makaranta. Kunya ba ta hana wannan. Ku kuma kula da barci. Yaron da ke riƙe da waya har sha biyun dare yana tashi a gajiye, kuma ƙarancin barci kansa yana ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo.

Kuɗin tara ma abin dubawa ne. Kuna ba yaro kuɗi, ba ku san abin da ake sayarwa a bakin makarantar ba. Ku je ku gani wata rana. In akwai mai awara, ko ɗanwake, ko alala, ko dafaffiyar gyaɗa, ku nuna masa. In babu sai alawa da ruwan kala a leda, gara a ƙunsa masa daga gida.

Akwai wani abu da nake roƙonku da girman Allah ku nisanta. Magungunan ƙiba da ake sayarwa a kemis da kasuwa, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, wasu iyaye suna ba yara don a ce sun yi kyau. Da yawansu suna ɗauke da dexamethasone ko cyproheptadine. Na farkon magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. In aka daɗe ana ba yaro shi, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, sukarin jini ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni, tsawo ya tsaya. Wanda ya riga ya daɗe yana ba ɗansa, kada ya yanke rana ɗaya, don yankewar gaggawa ita ma tana da haɗari, ya kai shi asibiti a janye masa a hankali. Haka nan ku bambance ƙiba da kumburi. Yaron da ƙafafunsa suka cika, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa bai taso ba, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, wannan tamowa ce mai tsanani ko wani ciwon, a ranar za a kai shi asibiti.

To idan yaro ya riga ya yi teɓa fa? Da farko dai ido ba ma'auni ba ne. A kai shi awo, a gwada nauyi da tsawo a duba su da shekarunsa, don wani ƙashi ne da shi, wani kuma kitse. Alamun da ke cewa a hanzarta su ne haki da ɗan ƙaramin gudu, minshari mai ƙarfi da yankewar numfashi cikin barci, ciwon gwiwa ko ƙugu, ƙafafu su fara gwamewa, yawan ƙishirwa da fitsari, da wani baƙi mai kauri a bayan wuya ko hammata. Wannan baƙin, iyaye kan ɗauka dauɗa ce, su yi ta dirje yaro da soso har ya yi kuka. Ba ya fita, don alama ce cewa jiki ya fara gajiya da sarrafa sukari.

Na biyu, kada a sa shi azumin dole, kada a ba shi shayin rage teɓa na manya. Yaro yana kan girma ne. Sau da yawa abin da ake nema shi ne nauyin ya tsaya cik, tsawo ya zo ya tarar da shi, wannan kuma aikin watanni ne. Na uku, kada a ware shi. Ba zai yiwu a zuba masa kwaɗon zogale shi kaɗai ba, yayyensa suna gefe suna shan lemo, babansa yana cin soyayyen nama da tsakar dare. Tukunyar gidan ce za ta canza: a rage mai, a ƙara ganye da wake, a dawo da tuwon gero da dawa ko sau uku a mako, a ci a zaune tare a kan lokaci, talabijin a kashe. Koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kowane ɗan Islamiyya ya haddace ta. Yaro zai fi yarda da ita in ya ga babansa ya tsame hannu daga kwano da sauran wuri a cikinsa.

Ku kuma kama bakinku da na 'yan gida. Buhu, tulu, ƙaton banza, duk sunayen nan da ake liƙa wa yaro da sunan wasa, suna sa ya daina fita cikin sa'o'insa, ya koma ɗaki, ya riƙa ci a ɓoye. Kada a mai da alawa ladan haddar sura, kada a mai da hana abinci horon laifi. In ya yi gudu ya dawo da gumi, a ce masa sannu, namijin duniya.

In kuna ƙasar Garki, ku fara da cibiyar lafiya ta matakin farko da ke kusa da ku, ku tafi da katin awon yaron ko da ya tsufa ya yage, don layin da ke jikinsa yana nuna lokacin da nauyin ya fara hawa. In suka ga akwai buƙatar gwajin sukari ko ganin likitan yara, za su tura ku babban asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse. Kafin ku tafi, ku rubuta duk abin da yaron ya ci ya sha cikin kwana uku, har da na ɗakin kaka da na kuɗin tara, da sunan duk wani magani da ake ba shi.